Natsuwar da Ke Sa Tauraro Ya Fita Daban

Duk tauraron da ka ɗaga kai ka kalla da dare yana ƙifta maka ido, amma ƙiftawar ba tasa ba ce. Iskar da ta lulluɓe duniyarmu ce ke kaɗa hasken kafin ya iso gare ka, shi ya sa abin yake ƙaruwa idan tauraron ya sunkuyo dab da doron ƙasa, kuma wanda ya fita sararin samaniya ba ya ganinsa sam. Akwai kuma canjin haske na gaske, wanda yake fitowa daga jikin tauraron, yana zuwa yana komawa a kan ƙa'ida. Cikin taurarin nan bakwai na arewa da Larabawa ke kira Banatu Na'ash, waɗanda ake gani tar daga Kano ko Damagaram a daren bazara, akwai ɗaya mai suna Alioth da haskensa ke ɗan hawa da sauka duk bayan kwana 5 da 'yan awoyi. Kusa da su akwai Cor Caroli, mai yin nasa zagayen cikin kwana 5.47. Can kudu kuma, ƙasa-ƙasa, akwai Alpha Circini da ke bugawa duk bayan minti 6.8. Abin da ya haɗa su shi ne dukansu suna cikin dangin da masana ilimin taurari suka ware gefe saboda sinadaran da ke fuskarsu sun saɓa wa na sauran. Mai jin wannan zai ɗauka taurari ne masu rikici, waɗanda wani tashin hankali ya auku a cikinsu. Ina ganin hujjoji sun nuna akasin haka. Natsuwa ce ta sa suka fita daban, kuma wannan hawa da saukar hasken nasu shi ne babban shaida.

Sai mun fara da yadda ake sanin abin da ke jikin tauraro alhali ba wanda ya taɓa zuwa can. Idan aka bi da hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, yakan warwatsu ya zama launuka irin na bakan gizo. A 1814 Joseph von Fraunhofer na Jamus ya lura cewa cikin launukan akwai ɗaruruwan siraran layuka baƙaƙe, kuma wajen 1859 Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen suka gano cewa kowane sinadari yana da nasa layukan, domin kowanne akwai launukan da yake shanyewa ya bar gurbinsu da duhu. Ƙarfe yana da nasa, kalsiyam yana da nasa. Da wannan dabara Cecilia Payne ta nuna a 1925 cewa taurari kusan duk abu guda ne, haidurojin da hiliyam, sai ɗan burbushin sauran sinadarai da bai wuce kashi 2 cikin ɗari ba. To amma tun 1897 Antonia Maury, wadda ke aikin rarraba taurari a Harvard ta Amurka, ta ci karo da wasu da suka ƙi shiga layi. Taurari ne farare, sun fi rana zafi, fuskarsu tana kai digiri 7,000 zuwa sama da 10,000 alhali ta rana ba ta kai 6,000 ba, kuma nauyinsu ya ninka na rana sau ɗaya da rabi zuwa uku ko fiye. A cikin haskensu layukan silikon da kuromiyam da sitironiyam sun yi kauri fiye da kima. Da aka zo aunawa daga baya, sai aka ga wasu ƙarafa da ba a cika samu ba ko a nan duniya, irin su yurofiyam da niyodimiyam, sun ninka abin da ke rana sau dubu, wani wurin ma sau dubu ɗari. Hiliyam kuwa, wanda ya kamata ya zama na biyu a yawa, ya yi ƙaranci a yawancinsu.

Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma haka masana na farko suka yi: suka ɗauka abin da fuskar ta nuna shi ne abin da ke ciki. Har manyan masana irin su Fred Hoyle da William Fowler sun taɓa kawo bayani a 1965 cewa tauraron ne ya ƙera waɗannan ƙarafa a cikinsa sannan suka taso sama, wasu kuma suka ce wani maƙwabci ne ya fashe ya watsa masa su. Maganar tana da daɗin ji, amma ta kasa tsayawa. Taurari sukan fito gungu-gungu daga gajimaren iska guda, da kayan haɗi iri guda, sai ga shi a cikin gungu ɗaya ana samun mai baƙuwar fuska kusa da 'yan'uwansa masu fuska irin ta kowa. Akwai ma taurari biyu masu zagaya juna, haihuwar lokaci guda, ɗaya ya fita daban ɗaya bai fita ba. Sa'an nan idan irin waɗannan taurari suka tsufa suka kumbura, cikinsu da bayansu suka gauraya, ba a ƙara ganin alamar komai. Da ƙarafan sun cika jikin tauraron ne, da gaurayawa ba ta ɓatar da su ba. Ashe fata ce kawai, siririya ƙwarai idan aka gwada da girman tauraron.

Wanda ya warware ƙullin shi ne Georges Michaud, ɗan Kanada, a 1970, kuma bayaninsa mai koko ma ta san rabinsa. Idan ta tace ƙullu ta ajiye shi a roba ba ta taɓa ba, kafin gari ya waye gasara ta kwanta a ƙasa, ruwa ya tsaya a sama. Babu abin da aka ƙara, babu abin da aka rage, abin da ke gauraye ne ya rabu don an bar shi ya huta, kuma tana sa ludayi ta juya zai koma yadda yake. A fuskar tauraro ma nauyi yana jan kowace ƙwayar zarra zuwa ƙasa. Rabin da mai koko ba ta da shi shi ne haske. Hasken da ke kwararowa daga cikin tauraro yana tura duk abin da ya shanye shi zuwa sama, turi ɗan kaɗan amma ba dare ba rana. Sinadarin da ke da dubban layuka, wato mai shanye launuka da yawa kamar yurofiyam da 'yan'uwansa, yana shan turi fiye da jan da nauyi ke masa, sai ya yi ta tasowa har ya taru a saman fuska. Hiliyam kuwa ba ya shan hasken kirki a irin wannan zafi, sai ya nutse. Tafiyar tana da jinkiri matuƙa, har ƙaramin motsi ya isa ya rushe ta. Don haka sharaɗin guda ne: kada a juya.

A nan ne hujja ta fara taruwa, domin bayanin ya faɗi inda za a samu irin waɗannan taurari da inda ba za a same su ba. Ranarmu ba za ta yi ba, saboda kusan kashi uku cikin goma na zurfinta daga waje tafasa yake yi, iska mai zafi na hawa mai sanyi na sauka. Taurarin da suka fi waɗannan zafi nesa ba kusa ba su ma ba za su yi ba, don iska ce ke fita daga jikinsu da ƙarfi tana kwashe fatar kafin ta kwanta. Sai na tsakiya, farare, waɗanda tafasarsu ba ta da zurfi. Ko a cikinsu ma yawanci suna juyawa da gudun tsiya, wasu fiye da kilomita 200 a daƙiƙa guda a ƙugunsu, alhali rana kilomita 2 take yi, kuma wannan gudu yana motsa cikinsu. Da aka auna sai aka tarar kusan duk masu baƙuwar fuska masu juyawa a hankali ne, ƙasa da kilomita 120 a daƙiƙa. Hanya biyu ce ta rage musu gudu. Wani rukuni suna da abokin zagaye na kusa da ke riƙe su da jansa, kamar yadda Helmut Abt ya nuna a 1961. Ɗaya rukunin kuma, wanda ya fi ban mamaki, maganaɗisu ne ya taka musu birki.

A 1947 Horace Babcock, yana aiki a dutsen Wilson na Kalifoniya, ya auna ƙarfin maganaɗisu a tauraron 78 Virginis, karo na farko ke nan da aka yi haka ga wani tauraro ban da rana. Maganaɗisun duniyarmu, wanda ke juya allurar kamfas, kimanin rabi ne a ma'aunin da ake kira gaus. Na waɗannan taurari yana kai gaus dubbai, kuma a 1960 Babcock ya samu wanda ya kai 34,000. Irin wannan ƙarfi yana ɗaure iskar fuskar tauraro ya hana ta tafasa, sannan yana yi wa sinadaran da ke tasowa jagora, domin ƙwayar zarra mai caji ta fi sauƙin bin layin maganaɗisu a kan tsallake shi. Sakamakon shi ne sinadaran ba sa shimfiɗuwa daidai wa daida. Yurofiyam ya taru a wannan fegi, kuromiyam a wancan, silikon ya yi ɗamara a wani wuri. Fuskar ta zama dabbare-dabbare, da tabo manya-manya da kowanne ya fi duniyarmu girma sau da yawa.

Daga nan ne canjin haske na farko, wato mai ɗaukar kwanaki, ya samo asali, kuma Cor Caroli ne ya fi kowa bayyana shi. Tauraro biyu ne a wurin idan aka duba da madubin hangen nesa, babban shi ne abin magana. A 1913 Aristarkh Belopolsky na Rasha ya ga layukan yurofiyam a haskensa suna kauri suna sirancewa a kan kwana biyar da rabi. Shekara guda bayan haka Paul Guthnick da Richard Prager a Jamus suka ga hasken kansa yana hawa da sauka a kan wannan adadin kwanaki. Da Babcock ya zo da ma'auninsa, sai ga maganaɗisun ma yana juyewa daga arewa zuwa kudu ya dawo a kan kwanakin nan dai. Abu uku, agogo ɗaya. Ruwa ba ya tsami banza, kuma a 1950 Douglas Stibbs ya tsara bayanin da har yau ake kai: tauraron ba ya canza komai, juyawa kawai yake yi. Sandar maganaɗisunsa ba ta daidaita da sandar juyawarsa ba, ta karkace, don haka yana nuna mana wannan kai na maganaɗisun yau, bayan kwana biyu da 'yan kai ya nuna mana wancan, kowanne da tabonsa. Tabon kuma ba irin na rana ba ne, wanda yake duhu saboda ya fi kewayensa sanyi. A nan ƙarafan da suka taru suna tare wani haske da ido ba ya gani, wanda ke gaba da launin shunayya, sai zafin da aka tare ya nemi mafita ta launukan da ido ke gani, tabon ya yi haske. Wannan magana ana iya gwada ta, domin tana nufin duk lokacin da tauraron ya ƙara haske a idonmu dole ya ragu a wancan ɓoyayyen hasken. Iskar duniya tana tare shi, sai da aka harba tauraron ɗan'adam mai suna OAO-2 a 1968 aka samu damar dubawa, kuma abin da aka gani ke nan: ɗaya na hawa, ɗaya na sauka.

Abin da ya fi burge ni a labarin nan shi ne daɗewar tabon. Tabon rana kwanaki ne ko makonni ya watse. Na Cor Caroli sama da shekara ɗari ke nan ana bibiyarsa yana dawowa a kan lokaci. Fuskar da ke tafasa ba za ta riƙe zane na shekara ɗari ba. Akwai ma wani tauraro, Gamma Equulei, da juyi ɗaya tak ke ɗaukarsa kimanin shekara 97, wato masanin da ya fara aunarsa ba shi zai ga ƙarshen zagayen ba.

Da a nan maganar ta tsaya, da ta zo da sauƙi. Amma akwai babban ƙalubale, kuma daga Afirka ya fito. A 1961 Antoni Przybylski, ɗan Folan mai aiki a Ostareliya, ya gano wani tauraro a sararin kudu mai lamba HD 101065, wanda ya fi duk danginsa baƙunta: layukan holmiyam da sauran ƙarafan da ba a saba gani ba sun cika haskensa maƙil, har da ƙyar ake tsinto na ƙarfen da kowa ya sani. A lokacin an yi ittifaƙi cewa irin waɗannan taurari ba sa bugawa. Dalilin kuwa mai ƙarfi ne. Taurari masu irin zafinsu da yawa suna kumbura suna tsukewa duk bayan awa ɗaya ko biyu, kuma injin da ke tafiyar da wannan numfashi wani shimfiɗin hiliyam ne a ƙarƙashin fata: idan ya matse sai ya tare zafi, zafin ya tura shi waje, ya saki zafin, ya faɗo, a sake. Tauraron da hiliyam ɗinsa ya nutse kuwa an cire masa injin. To a 1978 Donald Kurtz, yana aiki a Sutherland cikin hamadar Karoo ta Afirka ta Kudu da ƙaramin madubin da faɗinsa bai wuce rabin mita ba, ya sa wa tauraron Przybylski ido dare guda, yana auna haskensa daƙiƙa bayan daƙiƙa. Sai ga layin awon yana hawa yana sauka duk bayan minti 12, canjin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba amma a fili yake. Zuwa 1982 ya samu wasu, ya bayyana su a matsayin sabon rukuni, kuma yawancin na farkon a Sutherland aka gano su. Bugunsu yana tsakanin minti 5 zuwa kimanin 25.

Mai ja da maganata yana da haƙƙin ya tsaya a nan ya ce: ka ce natsuwa ce sirrin, ga shi kuwa wanda ya fi kowa fita daban yana karkarwa duk bayan minti 12, ta yaya abin da ya kwanta bai gauraye ba? Amsa ta farko ita ce motsi iri-iri ne. Idan mai kokon nan ta ɗaga robar a hankali ta sauke, ta sake ɗagawa ta sauke, gasara tana nan a ƙasa ruwa na sama, domin tare suka hau tare suka sauko. Ludayi ne ke gaurayawa, shi da ke kai na ƙasa sama ya bar shi can. Bugun nan igiyar sauti ce da ke kai da komo a cikin tauraron. Kowane shimfiɗi yana ɗagawa na 'yan mintuna, tafiyar da ba ta wuce 'yan ɗaruruwan kilomita ba a jikin da faɗinsa ya haura kilomita miliyan biyu, sannan ya koma mazauninsa. Amsa ta biyu ta fi wannan ƙarfi, domin bugun da kansa ya zama shaidar rabuwar. Daga ƙarshen shekarun 1990, masana irin su Tatiana Ryabchikova ta Mosko da Oleg Kochukhov na Uppsala a Suwidin suka riƙa auna motsin layukan kowane sinadari daban-daban. Suka tarar a tauraro guda, a minti guda, layukan niyodimiyam da na furasiyodimiyam suna kai da komo da gudun da ke kai kilomita ɗaya ko fiye a daƙiƙa, layukan ƙarfe kuwa kusan a tsaye suke. Da a gauraye suke, da tare za su motsa. Bambancin yana nufin waɗancan suna can ƙololuwa inda iska ba ta da kauri kuma igiyar ta fi kaɗawa, ƙarfe kuma yana ƙasa. Hawa-hawan da Michaud ya lissafa a takarda, bugun ya nuna su ɗaya bayan ɗaya.

Saura tambayar injin. Idan hiliyam ya nutse, me ke tafiyar da bugun? Lissafin da Wojciech Dziembowski da Philip Goode suka yi a 1996, wanda Neil Balmforth da abokan aikinsa suka faɗaɗa a 2001, ya nuna cewa shimfiɗin haidurojin da ke dab da fata yana iya yin irin aikin tare zafi da sakinsa, amma ga bugu mai sauri kaɗai, kuma sai idan ba tafasa a wurin. Ina ne ba tafasa? A kawuna biyu na maganaɗisu, inda layukansa ke tsaye suna ɗaure iska. Ke nan bugun ya kamata ya bi sandar maganaɗisu, ba sandar juyawa ba, kuma Kurtz ya riga ya ga haka tun kafin a yi lissafin. Tauraron HR 3831 yana bugawa duk bayan minti 11.7, yana juyawa cikin kwana 2.85. Ƙarfin bugun da muke gani yana cika lokacin da kan maganaɗisu ya fuskanto mu, ya ɓace lokacin da muke kallon ƙugunsa, ya dawo a juye idan ɗaya kan ya zagayo. Agogon mintuna yana biyayya ga agogon kwanaki. Don haka natsuwar da ta bar sinadarai suka rabu ita ce dai ta ba da damar bugun.

Akwai gwaji guda da nake ganin ya cancanci a tsaya a kansa, saboda an faɗi abu kafin a gan shi. Igiyoyin sauti da ke cikin tauraro ba ɗaya ba ne, kuma tazarar da ke tsakanin saurinsu tana faɗin girman tauraron da kaurin cikinsa, kamar yadda masana girgizar ƙasa suka san cikin duniya ta hanyar igiyoyin da ke ratsa ta. A tauraron HR 1217, mai bugun kimanin minti 6, awon da aka yi a 1986 ya fitar da sauti shida. Biyar sun jeru da tazara kusan iri ɗaya, na shida ya yi tsalle zuwa inda bai dace ba. Margarida Cunha ta Porto a Fotugal ta lissafa tasirin maganaɗisu a kan igiyoyin, ta ce a 2001 akwai na bakwai da ya ɓuya a tsakani, ta kuma faɗi inda za a neme shi. Matsalar mai kallon taurari ita ce gari yana wayewa, awo ya yanke. Don haka aka haɗa wuraren kallo a nahiyoyi daban-daban, rana na fitowa a wannan wancan ya karɓa, har tsawon makonni. Da aka fitar da sakamakon a 2002, sautin yana inda ta ce.

Ba zan ce duk ƙofofi sun rufu ba, domin akwai ƙalubale biyu da suka fi na farko tauri. Na ɗaya ya shafi rukunin nan marasa ƙarfin maganaɗisu, masu abokin zagaye. Su ma an ce hiliyam ɗinsu ya nutse, don haka bai kamata su yi numfashin awa-awa ba, kuma shekara arba'in ana koyar da haka. A 2011 Barry Smalley da abokansa suka duba sama da 1,600 daga cikinsu da kyamarorin da aka kafa don neman duniyoyi a wasu taurari, suka samu kimanin 200 suna bugawa. Wannan ba ƙaramin adadi ba ne, kuma duk wanda ya ce bai girgiza tsohon bayani ba bai yi adalci ba. Sai dai a lura da yadda abin ya kasance. Bugun yawancinsu ƙarami ne, shi ya sa ya ɓuya wa na'urorin da, kuma masu yin sa sun fi yawa a ɓangaren da ya fi sanyi, inda ɗan tafasar saman fata ya fi ƙarfi. Victoria Antoci da abokan aikinta sun nuna a 2014 cewa turin wannan tafasa a shimfiɗin haidurojin yana iya kaɗa tauraro ba tare da hiliyam ba. A ganina abin da ya rushe shi ne zaton cewa injin bugu ɗaya ne tak. Maganar rabuwar sinadarai ba ta rushe ba, domin jinkirin juyawa da tsarin ƙarafan fuska suna nan yadda ta faɗa.

Na biyu ya dawo da mu ga tauraron Przybylski. A 2004 Charles Cowley na Michigan da abokansa suka ba da rahoton alamun furomitiyam a haskensa. Wannan sinadari ne da ba ya daɗewa: nau'insa mafi tsawon rai rabinsa yana lalacewa cikin shekara 17.7. Tauraron kuwa ya yi miliyoyin shekaru. Idan da gaske yana nan, to ana ƙera shi ne yanzu, kuma rabuwa ba ta ƙera komai, tana tace abin da ke akwai ne kawai. Wasu sun yi nisa da wannan har suna ambaton wasu halittu masu zubar da shara a tauraro, maganar da jaridu ke so amma ba ta da tushe. Abin da ya kamata a riƙe shi ne hasken wannan tauraro cunkushe yake da dubban layuka masu hawa kan juna, da yawansu na sinadaran da ba a gama auna layukansu a ɗakin gwaji ba. A irin wannan cunkoso, duk layin da ka nema za ka samu wani abu kusa da wurinsa. Cowley da kansa ya yi taka-tsantsan a maganarsa, kuma masana da dama ba su gamsu ba. Da'awa mai nauyi irin wannan tana buƙatar hujjar da ta fi haka kafin a rushe bayanin da ya ci gwaji a ɗaruruwan taurari.

Wani zai ce duk wannan wahala a kan 'yan taurarin da ba su wuce kashi goma zuwa ashirin cikin ɗari na farare ba, me ta ƙara? Ta ƙara abu babba, domin rabuwar nan tana faruwa a ko'ina, a waɗannan ne kawai ta fito fili har ake iya aunawa. A cikin ranarmu ma, ƙarƙashin ɓangaren da ke tafasa, hiliyam yana nutsewa sannu a hankali, kuma sai da aka sa wannan a lissafi kafin tsarin cikin rana ya yi daidai da abin da bugunta na minti 5 ya nuna. Shekarun da ake ba tsofaffin taurari, waɗanda da su ake gwada shekarun sararin samaniya gaba ɗaya, su ma sun dogara da yadda aka lissafa wannan nutsewa. Wanda yake so ya tabbata lissafinsa daidai ne, dole ya kai shi inda abin ya fi tsanani ya gwada.

Yanzu aikin ya koma sama. Tauraron ɗan'adam na TESS, wanda Amurka ta harba a Afrilun 2018, yana auna hasken dubban taurari duk bayan minti 2, kusan kwana 27 a jere a kowane yanki, ba gajimare ba wayewar gari. Da shi adadin masu saurin bugu da aka sani ya haura ɗari. Amma ya kuma ƙara fito da wani abu da lissafin 2001 bai hango ba: cikin taurari masu maganaɗisu da suke da zafin da ya dace, kimanin ɗaya cikin ashirin ne kawai ke bugawa, kuma wasu daga cikin masu bugawar sun fi sanyin da lissafin ya yarda da shi, har da tauraron Przybylski kansa. Ana samun biyu masu zafi kusan ɗaya, maganaɗisu kusan ɗaya, fuska iri ɗaya, wannan yana bugawa wancan shiru. Masu bincike sun karkata ga turin tafasa, irin wanda Antoci ta nuna a ɗaya rukunin, a matsayin abin da ya rage a lissafin, kuma goma sha taran nan da suka yi shiru su ne za a gwada kowane sabon lissafi da su.